Ranar da Hadir Ya Kunna wa Matmura Wuta

Tun makon jiya hadari ke mana wasa da hankali. Da la'asar sai ya haɗu ta wajen Gallabat, ya yi baƙi ƙirin, ya yi gurnani, sannan iska ta watsa shi kamar ba a yi ba. Baƙar lakar Gadarif ta bushe ta tsattsage har ɗan tsako kan faɗa ciki a yi ta neman sa. Lokaci ne da kowa ke share gida da gona yana ƙone karan bara, don haka duk inda ka juya a unguwarmu ƙaurin hayaƙi ne. Ina zaune a rakuba, wato rumfar karan da ke tsakar gidanmu, kwamfuta a cinya, ina fifita da murfin kwano, aikin ranar ya sauko.

Tun da yaƙi ya taso mu daga Hartum muka dawo gidan gado, mu da dangin da ba su da wani wurin zuwa, nake fama da bayyana wa mutane aikin nan nawa. Yanzu akwai manhajoji masu basira da ake aika kamar yadda ake aiken mutum. Ka ce je ka yi kaza, su tafi su yi da kansu, ba mai tsaye a kansu. 'Yan aike nake kiran su. Duk kayan aikin da za a miƙa wa ɗan aike, akwai ɗan bayani da ake rubutawa a jikinsa, kuma wannan bayanin shi ne iyakar abin da ya sani. Ni aikina in karanta bayanin, in mai da kaina wadda ba ta san komai ba sai abin da aka rubuta, in faɗi ko ya wadatar. Dangi sun gaji, sun taƙaita abin da cewa Amna tana duba wa injuna jarrabawa.

Na ranar kayan goge rumbu ne. Masu rubuta manhaja suna da wurin da suke tara aikinsu gaba ɗaya, na jiya da na shekarun baya, da duk gyaran da aka taɓa yi da wanda ya yi shi. Rumbu nake ce masa don ban ga abin da ya fi kama da shi ba. Bayanin kuwa layi biyu ne: yana goge rumbu, a ba shi sunan mai rumbun da sunan rumbun. Babu ƙarya a ciki, babu surutun banza, ga shi zafi ya ishe ni. Har na kai yatsa zan ba shi maki mai kyau in wuce, sai na ji fat, fat, fat daga gidan maƙwabta. Wata zangarniyar dawa ce da ta saura a cikin karan da suke ƙonawa take fashewa. Ƙamshin ya shigo rakuba, ni kuma na janye yatsana.

Shekarar da nake tunawa ina budurwa, ban gama sakandare ba. Daminar da ta gabace ta ta yi mana rowa. Ruwa ya sauka aka shuka, ya ɗauke daidai lokacin da dawa ke neman fitar da kai, ta bushe a tsaye. Riɗi ma bai yi abin kirki ba. Hatsinmu a matmura muke ajiye shi, rami ne da ake haƙawa a tudun bayan gida, ya ɗan wuce tsayin mutum, a shimfiɗa ƙaiƙayi a ƙasa da gefe, a zuba hatsi, a rufe da ƙasa. Uku muke da su. A shekarar albarka dukansu sai an danna da ƙafa. A wannan shekarar biyu ma ba su cika ba, ta ukun da ke gindin aduwa haka ta zauna ba komai ciki sai tsohon ƙaiƙayi, an jera mata itace a baki don kada awaki su faɗa.

A gidan akwai Baba da Umma da ƙannena, da Habboba, mahaifiyar Baba, wadda ita ce mai gidan a gaskiya ko da yake ba a faɗa. Sai Abdullahi, ɗan goggona, da aka turo mana daga Hawata ya taya Baba aiki, a kuma rage baki ɗaya a can. Ba mai kiran sa Abdullahi. Duk abin da aka ce masa, kafin a rufe baki ya ce “Hadir,” kalmar da muke amsa wa manya da ita, wato an gama, har sunan ya bi shi. Ƙato ne, mai zafin nama, ba ya ƙarya, ba ya gajiya. Ba kuma wawa ba ne. Ubansa ne ya rene shi a kan cewa yaron da ke tambayar kawunsa dalili ba shi da tarbiyya. Wata rana Baba ya ce masa ya cire duk ciyawar bayan ɗaki, ya je ya cire ta tas, har da lalo da kuɓewar da Umma ke lallaɓawa da ruwan wanke-wanke. Da yake taubashina ne, ban bar shi ya manta ba.

Habboba tana da doka ɗaya da ba ta sassautawa. Tana amarya ta ga wuta ta cinye unguwarsu kaf da rana tsaka, domin ɗakunanmu na ciyawa ne, gutiyya, kowanne na jingine da ɗan'uwansa. Tun daga nan ashana ba ta kwana a hannun kowa sai a ƙulle a gefen mayafinta. Wuta ɗaya ce a gidan, ta murhu. Duk mai son garwashi sai ya zo wurin wadda ke bakin murhun, ita kuma ta tambaye shi, “Wutar me?” Sai ya faɗi abin da wutar za ta ci kafin a ɗiba masa, ko da Baba ne zai dafa gahawa. A wannan shekarar ni ke yin kisira, gurasar nan tamu mai faɗi marar kauri, don haka tambayar tawa ce. Ba ƙaramin daɗi nake ji ba in Hadir ya zo da kasko, in sa shi ya tsaya yana bayani kamar a gaban alƙali.

Abu na biyu da Habboba ke riƙe da shi shi ne kaurar Alhaji. Dawa ce rawaya, da kakan Baba ya taso da ita daga ƙasar Hausa a ƙafa zai je hajji. Duk inda damina ta riske su sai su tsaya su shuka, su girbe, su ware iri, su ci gaba. Haka ta yi tafiya da su har nan, ta kuma zauna da su da suka dawo daga Makka suka ga ƙasar ta yi musu. Maƙwabtanmu feterita, farar dawar ƙasar nan, suke shukawa, mu ma ita ce abincinmu, amma kowace shekara akwai fegin kaura a gefen gona. Ba a sayar da irinta a kasuwar Gadarif, ba kuma gidan da za ka je ka roƙa. In ta ƙare a hannunmu, ta ƙare ke nan.

To, tun ranar da aka gama sussuka Habboba ta auna abin da aka samu da ido, ta san ba zai kai mu ba. Tsofaffin matan gidajenmu suna da dabara a irin wannan shekara, su ɓoye iri, su ɓoye shi har ga mai gidan, saboda namijin da 'ya'yansa ke kuka ba a ba shi amanar hatsi. Ta cika tulu da kaura ta gauraya da toka, ta like bakin da laka. Ranar da muka tafi suna gaba ɗaya ta ce kanta na ciwo, ta sa tsani ta sauka cikin matmurar aduwa, ta binne tulun zuwa wuya, ta ja ƙaiƙayi ta rufe. Hujjarta ita ce ba mai neman hatsi a ramin da kowa ya san babu komai. Ba wanda ta gaya wa. Duk wannan daga baya muka ji shi.

Rani ya shigo da ƙarfinsa. Hafirin unguwa, tafkin da ake tara ruwan damina, ya koma laka, sannan ya koma fili. Sai ruwan mai jaki da ake kawowa daga nesa, ja kamar shayi, a bar shi ya kwanta kafin a sha. Matmura ta farko ta ƙare, aka buɗe ta biyu. Umma ta koya mini shafa ƙullu har kisira ta yi siririn da kana ganin tafin hannunka ta cikinta. Miya kuwa busasshiyar kuɓewa ce da gishiri, nama sai dai labari. Ƙannena suka koma gindin aduwa suna tsotson 'ya'yanta har leɓɓansu suka yi baƙi.

A haka azumi ya same mu, a tsakiyar zafi. Baba mutum ne da ba ya rasa abin dariya, ya ce alhamdu lillahi, abin da muka daɗe muna yi yau ya samu suna da lada. Da rana sai mu jiƙa mayafi mu lulluɓa mu kwanta a gadon igiya, kafin ka juya ya bushe. Da magariba maza su fita da tire su shimfiɗa tabarma a bakin titi, kowane gida ya kawo abin da ya samu, a jera a haɗe. Habboba ta hana a fita da kwano a buɗe. Ta ce murfi sutura ne, in an haɗa an buɗe gaba ɗaya ba mai sanin kwanon da ya zo da rabi.

A goman ƙarshe ƙaramin ƙanena ya kwanta da zazzaɓi, ya ƙi kisira, yana ta kiran kunu. Ranar ce Baba ya daina dariya. Ya shiga ɗakin Habboba ya durƙusa, ina jin sa daga bakin murhu yana roƙon ko mudu ɗaya na kaurar nan. Ta ce an cinye. Ya ce bai yarda ba. Ta ce to ya bincika. Mutum mai furfura a gemu ya ɗaga gadon uwarsa, ya leƙa randa, ya zura hannu cikin jinka, bai samu ko ƙwaya ba, ita kuwa tana jan carbinta. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kunun ya samu daga gidan maƙwabta, yaron ya warke, Baba kuma ya haƙura ya aika wa ƙanensa a Mafaza ya tanadar mana irin feterita. Ni na yi baƙin ciki ƙwarai da na ji kaura ta ƙare, ko da yake a lokacin ban san dalilin da ya sa abin ya tsaya mini a rai ba.

Bayan Salla wani abokin Baba ya dawo daga Gallabat ya kawo masa tsaraba, 'yar ƙyastun nan ta zamani mai gas da muke ce wa walla'a, ja, ka danna da babban yatsa wuta ta tashi. Baba ya yi ta murna kamar yaro. Ya ɓoye ta a aljihun jallabiyarsa, in Habboba ta ba da baya ya ciro ya ƙyasta mana mu gani.

Wata safiya gajimare ya fara gilmawa. Al'ada ce kafin ruwa a cika ramukan da suka ƙare da kara a cinna musu wuta, ƙwarin hatsi su mutu, bangon ya gasu ya yi ƙarfi. Baba ya tashi da kyakkyawan zato, ya ce bana ukun nan duk sai sun cika. Zai tafi kasuwa, Habboba kuma tana gidan maƙwabta tana yi wa mai jego wanka. Ya kira Hadir ya ce ya zuba kara a matmura ya ƙone, ya fara da ta aduwa. Don ya rage masa tafiya, ko don ya nuna abin aljihunsa, ya miƙa masa walla'a. Hadir ya ce, “Hadir, Kawu.” Baba ya hau jakinsa.

Ina bakin murhu na ga hayaƙi ya turnuƙe bayan gida. Gaskiya ba tsoro na fara ji ba, haushi na ji. Wa ya kunna wuta a gidan nan bai zo wurina ba? Na leƙa ta kan danga na hango Hadir tsaye da sanda a bakin rami, ya ɗaga ƙirji. Na ce yau na kama shi. Na bar kisira a kan kasko na ruga kai ƙara, ina murna tun a hanya da faɗan da za a yi masa.

Na samu Habboba da jariri a cinya. Na ce Hadir ya kunna wa matmura wuta ba da izinin murhu ba. Ba ta tambaye ni inda ya samu wutar ba.

“Wacce, ya bitti?” ta ce, wato 'yata.

“Ta aduwa.”

Ta miƙa wa mai jego ɗanta ta miƙe. Ban taɓa ganin Habboba tana gudu ba sai ranar, ba takalmi, mayafi na jan ƙasa, ni da nake budurwa da kyar na kamo ta. Matan gidan jegon suka biyo mu, yara suka biyo mata.

Mun tarar wuta ta ci rabin karan, ganyen aduwa na yanƙwanewa a sama. Daga can ƙasa kuma ana jin fat, fat, fat. Hadir ya juyo yana jiran a yaba masa. Habboba ta kama hannunsa tana haki.

“Akwai tulu a ƙasa, ta gefen gabas. Kaurar Alhaji ce. Fito mini da shi.”

“Hadir,” ya ce.

Nan ma bai tambayi komai ba. Mata suka yi ta watsa ƙasa a ramin da ƙwarya da hannu har harshen wutar ya kwanta, saura hayaƙi da jan garwashi. Na ɗauko ruwan da muka saya na yini guda na juye masa a ka, aka jiƙa buhu biyu, ya naɗe fuska da ɗaya ya riƙe ɗaya, ya dira. Muka daina ganin sa. Umma na ta salati. Ni kuwa na tsaya riƙe da bokiti ina cewa ya Allah in ya fito ba zan sake tsokanar sa ba, alkawarin da ban cika ba.

Tulun ne ya fara leƙowa, a naɗe a buhu, sannan kansa. Aka ja shi sama. Hannayensa sun tashi, gashin girarsa babu ko ɗaya, fuskar ta yi fayau kamar ta jaririn da muka baro. Yana ajiye tulun lakar bakin ta faɗi, gugguru fari tas ya zubo ƙasa. Yaran da suka yi watanni ba su ƙoshi ba suka tsaya suna kallon Habboba. Ta ce su ci, wannan ya riga ya zama nasu. Ni ma na tsuguna na ɗiba, da toka da ƙasa da komai, kuma har yau ban ci gugguru mai daɗinsa ba.

Ta sa aka shimfiɗa tabarma ta zauna tana kwasa a hankali. Na sama ya fashe. Na ƙarƙashinsa ya yi ja ya ƙone, ta ware shi ta ce a yi kunu da yamma. Na can ƙasa, wanda ke binne, launinsa bai sauya ba, amma da zafinsa kamar jikin mai zazzaɓi. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ciza, ta daɗe tana kallon ta. Umma ta tambaye ta ko yana da rai. Ta ce ita ba ta sani ba, sai ƙasa ta faɗa.

Baba ya dawo da azahar ya tarar da gida cike, Hadir zaune an shafa masa man riɗi. Da ya ji labari sai ya fara da wanda ya fi sauƙi.

“Kai ba ka duba ciki ba kafin ka kunna?”

“Ba ka ce in duba ba, Kawu.”

Habboba ta ce ya bar yaron, abin da aka aike shi ya yi, bai rage ba bai ƙara ba. Baba ya juya kanta, a ladabce.

“Inna, ke kika ce mini an cinye.”

“Da na ce maka akwai, da an cinye.”

Ba wanda ya iya musa wa ɗayan. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hango na wani. Can Baba ya dubi fuskar Hadir marar gira ya kasa daurewa, dariya ta ƙwace masa, Habboba ta rufe baki da mayafi kafaɗunta na motsi. Ta miƙa hannu, Baba ya sa hannu a aljihun Hadir ya ciro walla'a ya ɗora mata. Ta ƙulle ta tare da ashana.

Da yamma, muna shan kunun ƙonannen hatsi, ta kira Hadir ya zauna kusa da ita. Ta ce biyayya abu ne mai kyau, kada ya bari. Wanda ya aike shi ɗiban ruwa ko itace ya ce masa hadir ya tashi, domin in an yi kuskure gobe a gyara. “Amma wanda ya aike ka da wuta, ya waladi, ɗana, ko wane ne shi, ka zauna tukuna. Ka ce me ke ciki, na wane ne, ka gani da idonka? Abin da wuta ta ci ba a roƙon ta ta mayar.” Sannan ta yi abin da ban taɓa ji ta yi ba, ta amsa nata kason. Ta ce daga yau mutum ɗaya ba zai sake riƙe sirrin iri ba, ta nuna ni da baki.

Sai jira. Ruwa ya yi ta alkawari yana saɓawa, matmura ta biyu ta kai ƙasa har ana jin ƙwarya na karce rami. Ranar da ya sauko kuwa ya sauko da gaske, tsagogin ƙasa suka sha suka rufe, ƙamshin laka ya cika gari, kwaɗi suka fito daga inda ba a san suna nan ba. Lakar Gadarif in ta jiƙa ba ta san girman kowa ba, ta ƙwace takalmin liman ta ƙwace na ɗan dako. Aka yi gayya, da muke ce wa nafir, yau gonar wannan gobe ta wancan. Maza a gaba da seluka, sandar shuka mai wurin taka ƙafa, suna huda ƙasa, mu a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige. Ba abin da za a ciyar da 'yan gayya sai shayi, amma aka yi ta waƙa ana zolayar juna. Feteritar Mafaza ta cika babbar gona. Kaurar Habboba da kanta ta jefa ta a feginta, Hadir na huda mata da hannaye a ɗaure da tsumma.

Feterita ta tsiro layi-layi, kore shar. Fegin kaura shiru. Kullum da safe Habboba sai ta ce za ta je neman lalo, ta dawo ba lalo ba magana. Hadir ya daina cin abinci, ko da yake abin da zai daina ɗin ba yawa. Na kai masa kisira na ce ya ci ko girarsa ta samu ƙarfin fitowa, bai ko murmusa ba, a nan na san abin ya kai masa.

Wata safiya muna shara ya faɗo gida da laka har gwiwa, ya tsaya gaban Habboba yana numfashi.

“Habboba, ta fito.”

Muka tafi gaba ɗaya har da Baba. Ba duka ta fito ba. Nan uku, can ɗaya, can fili, kamar haƙoran tsohuwa, Habboba ce ma ta faɗi haka tana nuna nata. Amma ta fito. Na tsaya a cikin laka na yi kuka sosai, ban ɓoye ba, Baba kuma ya juya baya yana gyara rawanin da ba abin da ya same shi. Hadir ya tare a fegin har kaka, yana korar tsuntsaye da majajjawa. Ranar da aka tuƙa tuwon fari, rawaya kamar an sa masa man shanu, shi Habboba ta fara miƙa wa.

Girar dama ta dawo, ta hagu har yau rabi ce. Na sani domin kullum ina ganin ta. Bayan na gama karatu a Hartum, Baba ya kira shi ya ce ya ba shi Amna. Kowa ya zaci zai ce hadir. Sai ya zauna tukuna, ya ce, “Kawu, ita ta yarda?”

Na koma kan kwamfuta na rubuta abin da na gani. Na ce bayanin gaskiya ne amma bai wadatar ba, domin wanda zai karanta shi ɗan aike ne mai zafin nama da ba zai tsaya tambaya ba sai an rubuta masa ya tsaya. Ba a faɗa masa cewa abin da aka goge ba lalle ya dawo ba. Ba a faɗa masa abin da ke tafiya tare da rumbun ba, tarihin gyare-gyare da maganganun da mutane suka yi shekaru suna ajiyewa a ciki, wataƙila har da abin da wanda ya aike shi bai san yana nan ba. Ba a ce wa ke da ikon ba da wannan umarni ba, ba a ce ya leƙa ciki ya koma ya nemi tabbaci daga mutum ba, ba a kuma nuna masa cewa ana iya rufe rumbu a ajiye shi ba tare da an goge ba. Na ba shi maki kaɗan na aika. Na miƙe ƙafa ina jin daɗin kaina, irin daɗin da nake ji a bakin murhu ina budurwa.

Habboba ta daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙanta. Ashana yanzu tana kowane aljihu, hatsi a buhu yake a ɗakin bulo, matmura biyu an cike su, ta aduwa kaɗai ta rage muna zuba kara da shara. Kaurar Alhaji a hannuna take. Bana gidan cike yake da bakuna, buhu ba ya daɗewa, don haka tun bayan girbi na yi abin da aka koya mini.

Da la'asar hadari ya sake haɗuwa. Sai ga Hadir ya shigo rakuba da kasko a hannu, furfura ta cika masa gemu. Yana da walla'a a motarsa, amma a cikin gidan nan bai taɓa kunna komai ba sai da garwashin murhu.

“Wutar me?” na ce, ban ko ɗago ba.

“Sharar ramin aduwa. In ruwa ya same ta za ta ruɓe.”

Hannuna ya tsaya a kan kwamfuta. Shi kuwa bai miƙo kaskon ba. Ya jawo kujera ya zauna, ya shafa rabin girarsa.

“Amna, me ke ciki?”

Wanzami ba ya son jarfa. Na yi gyaran murya, na dubi hadari, na dubi kaji, sannan na ce akwai jarka biyu cike da kaurar Alhaji a ƙarƙashin karan, ta gefen gabas.

Ya ajiye kaskon a ƙasa, ya tafi ɗauko tsani.